Handshake da neman aikin ɗalibi a jami'o'in Amurka: inda take da amfani da inda take barin mutum a hanya

Ɗalibin da ya sauka Amurka da bizar karatu ta F-1 ba ya cika mako guda bai fara tambayar inda ake samun aikin cikin makaranta ba. A jami'o'i da yawa amsar da zai ji ɗaya ce, daga bakin ma'aikata har tsofaffin ɗalibai 'yan gida: je ka duba Handshake. Manhaja ce da shafin intanet inda ake liƙa guraben aiki, ɗalibi ya ɗora takardunsa ya nema. Ba a biyan ko sisi, kuma da suna da lambar sirrin da jami'a ta ba ka ake shiga.

Wasu ɗalibai uku ne suka kafa ta a 2014 a jami'ar Michigan Tech da ke Houghton, wani ƙaramin gari can ƙuryar arewacin jihar Michigan, inda manyan kamfanoni ba su cika zuwa ɗibar ma'aikata ba. Burinsu shi ne ɗalibin da ke makaranta mai nisa ya sami hanyar kai wa ga waɗannan kamfanoni. Wannan asali shi ne mabuɗin fahimtar manhajar. An gina ta ne domin aikin bayan kammala digiri da aikin koyon sana'a na lokacin hutu. Aikin laburare da ɗakin cin abinci da teburin karɓar baƙi na ɗakunan kwana, raɓa su aka yi a jikinta. Hukuncinmu a kanta ke nan tun daga farko: allon sanarwa ce mai kyau, kuma hanya ce mai sauƙi ta ganin masu ba da shawara, amma ba ta san sharuɗɗan bizarka ba, kuma ba za ta hana ka neman aikin da zai jefa ka cikin matsala ba. Wannan ɓangaren naka ne.

Kafin a taɓa manhajar, a san dokar. Mai bizar F-1 yana da damar yin aiki a cikin makarantar da ta ba shi takardar I-20, wato shaidar karɓarsa da ake neman biza da ita, awa 20 a mako lokacin da ake karatu, fiye da haka kuma lokacin hutun da makaranta ta ayyana, muddin zai koma karatu a zango mai zuwa. Awa 20 ɗin nan jimilla ce ta duk ayyukan da kake yi, ba kowane aiki da nasa ba. Kuma ba a rama ta: wanda ya yi awa 15 wannan mako ba shi da ikon yin 25 a mako mai zuwa. Sabon ɗalibi ba zai fara aiki ba sai ya rage kwana 30 ko ƙasa da haka a fara darussa. Mai bizar J-1 ta shirin musayar ɗalibai kuwa sai ya karɓi izini a rubuce daga mai kula da shirinsa kafin ya fara. Ɗalibin digiri na biyu ko na uku da aka ba aikin taimaka wa malami na awa 20 ya riga ya cinye rabonsa, babu sauran abin da zai nema a Handshake sai lokacin hutu.

Abin da ake kira cikin makaranta ma yana da iyaka. Kamfanin da ke yi wa ɗalibai hidima kai tsaye a harabar jami'a, kamar masu dafa abinci irin su Sodexo da Aramark da Chartwells, ko kantin littattafai na Barnes & Noble College da Follett, yawanci yana shiga ciki. Kamfanin da ke gina wa jami'a sabon bene bai shiga ba, ko da a tsakiyar harabar yake aiki. Gidan abincin da ke tsallaken titi, mai ɗauke da sunan jami'ar a allonsa, shi ma bai shiga ba. Duk aikin da ka ga ba jami'ar ce da kanta za ta biya ka ba, kai sunansa wurin jami'in ofishin ɗaliban ƙasashen waje, wanda ake kira DSO, kafin ka ce ka karɓa.

A nan ne babban aibin Handshake yake ga ɗalibinmu. Da ka buɗe sashen ayyuka, abin da zai fara cika maka ido na waje ne: shaguna, ofisoshi, kamfanonin da ke neman mai aiki daga gida. An jera su wuri ɗaya da na makaranta, da fuska iri ɗaya da maɓallin nema iri ɗaya. Wanda ya tace da aikin wucin gadi da sunan garinsu kawai zai ga guraben da suka yi masa daidai a ido, alhali ɗaukarsu ba tare da izinin aikin koyon sana'a da ake kira CPT ko OPT ba karya sharaɗin biza ne, kuma yana iya jawo a rufe masa rajistarsa ta SEVIS, wato rumbun bayanan ɗaliban ƙasashen waje na gwamnatin Amurka. CPT ɗin ma galibi sai an yi shekara guda ana karatu ake samunsa, kuma sai aikin ya dace da fannin da ake karantawa. Maganin abin shi ne ka shiga maɓallan tacewa ka zaɓi nau'in aikin da ke ɗauke da kalmar On-Campus, wato cikin makaranta, ka adana wannan binciken, ka kunna sanarwa don a riƙa turo maka sabon gurbi ta imel. Minti biyu ya isa a yi wannan, kuma shi ne abu mafi amfani da za ka yi a manhajar gaba ɗaya.

Bayan an tace, sai a ci karo da shinge na biyu, wato guraben da aka rubuta wa Work-Study. Wannan shiri ne na gwamnatin tarayyar Amurka da ya faro a 1964, inda gwamnati ke biyan kaso mai yawa na albashin ɗalibi, galibi har kashi 75 cikin 100, sashen da ya ɗauke shi ya cika sauran. Ta fom ɗin neman tallafin karatu na gwamnati, wato FAFSA, ake samunsa, kuma na 'yan ƙasa ne da masu katin zama na dindindin da wasu rukunoni kaɗan. Mai F-1 ba ya ciki. Dalilin da ya sa sassa da yawa ke fifita masu wannan tallafi a fili yake: da kuɗin ɗalibi ɗaya za su iya ɗaukar uku ko huɗu. Wasu jami'o'i suna ɓoye irin waɗannan guraben ga wanda bai cancanta ba, wasu kuma suna barinsu kowa ya gani. Saboda haka karanta bayanin aikin har ƙasa. Idan an ce dole sai mai tallafin, wuce. Idan an ce an fi son mai shi amma ba dole ba, nema, sai dai kada ka ɗora ranka a kai. Wuraren da suka fi ɗaukar ɗaliban ƙasashen waje su ne waɗanda ke da kuɗin shigarsu ko suke buƙatar hannu da yawa: ɗakunan cin abinci, wurin motsa jiki, ɗakunan kwana, teburin gyaran matsalar kwamfuta, shirya zauren taro, da cibiyar koyar da ɗalibai darussan da suka gagare su.

Wani abin da sababbi ba su cika sani ba: ba kowace jami'a ce ke zuba ayyukan cikin gidanta a Handshake ba. Wasu suna amfani da Workday, wasu JobX, wasu Symplicity. A wasu wuraren kuma za ka ga tallan a Handshake, amma maɓallin zai kai ka wani shafi daban inda za ka sake cika komai daga farko. Nan ake yawan yin asara. Ɗalibi ya danna, manhajar ta tambaye shi ko ya nema, ya ce e, sunan aikin ya shiga jerin waɗanda ya nema, alhali bai kammala fom ɗin can waje ba, kuma babu wanda ya ga takardarsa. Alamar cewa nema ya shiga ita ce imel ɗin tabbatarwa daga wancan shafin. In babu shi, koma ka duba. Kamfanonin abinci kuwa sau da yawa a shafinsu na kansu suke ɗiba, ko a teburin da suke kafawa a makon karɓar sababbin ɗalibai.

Cika shafin bayananka ba wuya. Manhajar tana iya ɗebo bayanai daga takardar CV ɗinka ta zuba da kanta, amma bi bayanta ka gyara, domin tana rikita sunayen makarantunmu da kwanakin wata. Amurkawa da wata suke farawa kafin rana, don haka 03/04 a wurinsu huɗu ga Maris ne, ba uku ga Afrilu ba. Makin da ka zo da shi daga Najeriya a kan ma'aunin 5.0 yake, nasu kuwa 4.0 ne. Kada ka juya shi da kanka, kuma kada ka zuba 4.2 a gurbin da iyakarsa 4.0. Bar gurbin har ka sami makin zangon farko, a CV kuma ka rubuta shi da ma'auninsa. Akwai zaɓin wanda zai iya ganin shafinka: kai kaɗai, ko masu ɗaukar aiki, ko har da sauran ɗalibai. Idan ka buɗe wa masu ɗaukar aiki, saƙonni za su riƙa shigowa da sunanka a sama kamar kai kaɗai aka rubuta wa. Da yawansu a dunƙule ake tura su ga ɗalibai masu yawa, kuma na ayyukan waje ne. Wanda aikin makaranta kawai yake nema a zangon farko bai rasa komai ba in ya ƙyale su.

Akwai tambayoyi biyu da ke rikita kusan kowa: ko kana da izinin aiki a Amurka, da ko za ka buƙaci kamfani ya tsaya maka kan biza yanzu ko nan gaba. An tsara su ne domin aikin bayan digiri, shi ya sa ba su bambance mai izinin aiki a cikin makaranta kaɗai ba. Gaskiyar lamarin ita ce aikin makaranta ba ya buƙatar kowa ya tsaya maka, izinin yana cikin bizar. Tambayi ofishin ɗaliban ƙasashen waje yadda suke so a amsa su a jami'arku, sannan a wasiƙar neman aikin ka sa layi ɗaya cewa kai ɗalibin F-1 ne mai damar yin awa 20 a mako a cikin makaranta. Shugaban sashen da bai saba ɗaukar baƙi ba, wannan layin kan cire masa shakka.

Yanzu sai takardar da suke kira resume, wadda ita ce zuciyar neman. CV ɗin da muka saba da shi a gida, mai shafi uku ko huɗu, mai hoto da ranar haihuwa da jiha da ƙaramar hukuma da addini da batun aure, ba shi ake so ba. Cire duk waɗannan. Dokokinsu sun hana nuna bambanci a ɗaukar aiki kan addini da jinsi da asali, don haka masu ɗauka ba sa son ganin waɗannan bayanai a gabansu tun farko. Shafi ɗaya tak. A sama suna, lambar wayar Amurka, da imel ɗin makaranta. Sai karatu da shekarar da kake sa ran gamawa, sai ayyukan da ka taɓa yi, na baya-bayan nan a farko, sai ƙwarewa da harsuna. Girman takardar a mayar da shi Letter, inci 8.5 da 11, domin A4 ta fi shi tsawo, kuma in an buga sai layin ƙarshe ya tsallaka shafi na biyu ko rubutun ya ƙanƙance. A adana ta a PDF, a sa mata sunan mai ita, ba a bar ta da sunan da kwamfuta ta ba ta ba. Wasu jami'o'i sai ofishin shawarar aiki ya duba takardar farko ya amince kafin a iya nema da ita, abin da kan ci kwanaki, musamman a farkon zango da kowa ke ɗorawa. Ɗora taka tun kana gida, da zarar an buɗe maka asusu.

Ƙorafin da aka fi ji shi ne: ni ban taɓa aiki ba, me zan rubuta? Mafi yawan masu faɗin haka sun yi aiki, ba su dai ɗauke shi aiki ba ne. Wanda ya zauna shagon mahaifinsa a Kantin Kwari ko kasuwar Sabon Gari ya riƙe kuɗi, ya sallami masu saye, ya lissafa kaya. Wadda ta koyar da yara a Islamiyya ko ta yi musu darasin gida ta san riƙe aji. Mai sana'ar POS ya san daidaita lissafi kowane dare. Hidimar ƙasa da aikin SIWES da shugabancin ƙungiyar ɗalibai duk suna shiga. Yadda ake rubutawa shi ne a fara da abin da aka yi, a bi shi da adadi: na koyar da yara 25 lissafi kwana uku a mako tsawon shekara biyu, na sallami masu saye kimanin 40 a rana, na rufe lissafin kuɗi kowace yamma. An rene mu a kan cewa yabon kai jahilci ne, kuma haka ne. Amma faɗin abin da ka yi da adadinsa shaida ce, ba yabo ba. Sharaɗin kawai adadin ya zama gaskiya, domin za a tambaye ka a kansa. Harsuna ma a rubuta su: Hausa, Larabci, Faransanci ga 'yan Nijar da Kamaru da Cadi. Jami'ar da ke koyar da harsunan Afirka ko Faransanci takan nemi mai taya ɗalibai hira.

Abin da ya fi resume tasiri a irin wannan aiki, kuma manhajar ba ta ba shi fili mai kyau ba, shi ne jadawalin lokutan da kake da sarari. Shugaban ɗakin cin abinci ba gwani yake nema ba, mutum yake nema da zai toshe masa gurbin Talata daga ƙarfe 11 zuwa 2. Saboda haka kammala rajistar darussa tukuna, sannan ka zana tebur na kwana bakwai ka nuna sa'o'in da kake da su, ka ɗora shi a sashen sauran takardu ko ka liƙa shi a ƙasan wasiƙarka. Bar minti 15 zuwa 20 tsakanin aji da aiki, domin harabar wasu jami'o'i sai da bas ake ratsa ta. Wanda ya ba da safiya da wuri, ko dare, ko Asabar da Lahadi, ya fi saurin samun kira, saboda su ne lokutan da ɗalibai ke gudu. Ranar Juma'a cire lokacin masallaci tun a jadawalin, misali daga 12:30 zuwa 2:30, ka rubuta cewa ba ka da sarari. Yin haka tun farko ya fi a ɗauke ka sannan ka fara neman musanya kowane mako. A jihohin arewa lokacin sanyi magariba kan faɗi tun wajen 4:30 na yamma, ga azahar da la'asar sun matso kusa da juna, don haka aikin yamma na awa huɗu zai iya haɗiye salloli biyu. Tambayi tsarin hutun da ake bayarwa a tsakiyar aiki.

Kada kuma a rubuta awa 20 don kawai doka ta yarda. Mai digirin farko dole ya ɗauki aƙalla kiredit 12 a zango, wato kusan awa 12 ta aji a mako, kuma lissafin da suke yi shi ne kowace awa ta aji tana buƙatar awa biyu na nazari. Awa 36 ke nan kafin a zo batun aiki. A zangon farko awa 10 zuwa 12 ta fi dacewa, sai a ƙara in an ga da hali. Makin da ya faɗi yana iya tafiya da tallafin karatu, wanda ya ninka albashin sau da yawa.

Albashin ma a yi masa lissafi da ido buɗe. Mafi ƙarancin albashi na tarayya dala 7.25 ne a awa tun 2009, kuma jihohi irin su Texas a nan suka tsaya, yayin da na Kalifoniya ya kai dala 16.50 a 2025. Ɗauki misalin dala 12 a awa, awa 15 a mako: dala 180 ke nan a mako, 2,700 a zango mai mako 15, kafin haraji. Zai sayi abinci, ya biya waya da littattafai, ya rage wani abu a kuɗin haya. Ba zai biya kuɗin makaranta ba, kuma iyayen da ke gida ya kamata su ji wannan a fili kafin yaro ya tashi. Handshake tana nuna albashi a guraben da yawa, abin yabo ne, domin yana sauƙaƙa kwatantawa.

Bayan an tura nema, manhajar tana nuna matsayinsa, ko an duba ko ba a duba ba. Kada a dogara da wannan. Mai ɗaukar aiki ne ke sauya yawancin waɗannan alamomi, kuma ma'aikacin laburaren da ɗibar ɗalibai ba ita ce babban aikinsa ba sau da yawa ba ya komawa. Nema zai iya zama wata biyu yana nuna ana jira alhali an cike gurbin tuni. Ranar rufewa da aka rubuta ma ba ta nufin za a jira ta. Gurbi mai kyau a kwanakin farko ake cike shi. Nemi gurbi 10 zuwa 15, ba biyu ba, kuma cikin kwana ɗaya ko biyu da fitowarsu. Bayan kwana biyar zuwa bakwai, aika gajeren imel ga sunan da ke jikin tallan. In wurin a buɗe yake ga jama'a, zuwa da kai ya fi aike: je da resume a buge, a lokacin da babu cunkoso, ka gaisa, ka faɗi sunanka da gurbin da ka nema, ka tambayi wanda ke tsara jadawali. Minti uku sun isa. In tallan ya ce kada a zo ko kada a kira, a mutunta hakan. Lokutan ɗiba mafi yawa su ne makonnin da ke gab da buɗe makaranta a watan Agusta, sai Janairu. Manyan guraben shekara mai zuwa, irin kula da ɗakunan kwana da jagorantar sababbin ɗalibai, tun tsakiyar shekarar karatu ake fara tallata su.

Inda Handshake ta fi burge mu shi ne sashen da ɗalibai suka fi mantawa da shi: neman ganawa da masu ba da shawara. A jami'o'in da suka kunna shi, za ka zaɓi irin taimakon da kake so, duba resume ko gwajin intabiyu, ka ga lokutan da ke akwai, ka kama ɗaya. Kuɗin makarantarka ya riga ya biya wannan hidima. Ganawar rabin awa da mutumin da ya san irin takardar da sassan jami'arku ke so ta fi kwana uku kana gyara kai kaɗai. A nan ma ake ganin ranar baje kolin ayyukan cikin makaranta, inda wasu sassa ke yin intabiyu nan take.

Intabiyun kansa gajere ne, yawanci minti 15 zuwa 30. Isa wurin minti goma kafin lokaci. Za a tambaye ka game da kanka, dalilin son aikin, yadda za ka yi da mutumin da ya zo a fusace, da yadda za ka haɗa aiki da jarrabawa. Shirya labari biyu na gaske daga aikin da ka rubuta. Sunkuyar da kai gaban babba ladabi ne a wurinmu, su kuwa suna iya ɗaukarsa rashin tabbas ko ɓoye wani abu, don haka dubi mai magana da kai, ka ɗaga murya yadda za a ji. Wanda ba ya musabaha da wani jinsi ya riga su: ya ɗora hannu a ƙirji da fara'a, ya yi gaisuwar da baki, in an riga an miƙo hannu ya faɗi dalili a jimla ɗaya. Mai neman aikin kicin ya tambaya tun a nan ko aikin ya haɗa da naman alade ko raba giya a wurin liyafa, ya nemi a sa shi wani ɓangare kamar karɓar kuɗi ko duba katin shiga. Dokar kare haƙƙin jama'a ta 1964 ta ɗora wa masu ɗaukar aiki yin sassauci kan addini matuƙar bai zame musu nauyi mai yawa ba, kuma hijabi ba ya hana aikin kicin, inda dama dole kowa ya rufe gashinsa. Za a dai nemi takalmi rufaffe mara santsi, a wasu jihohi kuma da katin horon tsaftar abinci.

Da an ce an ɗauke ka, aikin Handshake ya ƙare, na takardu ya fara, kuma manhajar ba ta cewa komai a kansa. Lambar SSN, wato lambar Social Security da ake buƙata domin albashi da haraji, ba a ba mai F-1 ita sai da aiki a hannu. Za ka karɓi wasiƙar ɗauka daga sashen, mai nuna irin aikin, ranar farawa, yawan awanni, sunan shugabanka da lambarsa, da lambar harajin ma'aikatar, wato EIN. Ka kai wa DSO ya ba ka tasa wasiƙar. Sannan ka je ofishin Social Security da fom SS-5, fasfo, I-20, da shaidar shigowarka ƙasar, wato I-94, da ka sauke daga shafin hukumar kwastam da kan iyaka, CBP. Kyauta ne. Ana ba da shawarar a jira kwana 10 bayan shigowa ƙasar, kuma a tabbata makaranta ta yi maka rajista a SEVIS, in ba haka ba sunanka ba zai fito a na'urarsu ba. Katin kan iso ta gidan waya cikin kimanin mako biyu, ya fi haka in sai an tantance. Abin da ya fi jawo jinkiri a wurinmu shi ne suna. Muhammad a fasfo, Mohammed a wasiƙar aiki, ko sunan uba ya koma gurbin sunan yanka. Kowace takarda ta bi yadda fasfo ya rubuta, harafi da harafi. Sunanka kuma ya kasance a jikin akwatin wasiƙun gidanku, domin ana iya mayar da katin in babu.

Fom I-9 shi ne na tabbatar da izinin aiki. Kai za ka cika kashin farko zuwa ranar da ka fara, ma'aikatar kuma ta ga takardunka na asali cikin kwanakin aiki uku. Kada ka yi ko awa ɗaya kafin ofishin ma'aikata ya ce ka fara, ko da shugaban sashe ya matsu. A fom W-4 na haraji, baƙon da ba mazauni ba yana da ƙa'idarsa daban, wadda ke cikin sanarwar hukumar haraji ta IRS mai lamba 1392. Jami'o'i da yawa suna bi da kai ta manhajar Glacier ko Sprintax. Najeriya da Nijar da Gana ba su da yarjejeniyar harajin kuɗin shiga da Amurka, don haka kada ka yi tsammanin rangwamen da abokinka ɗan wata ƙasa ya samu. Amma harajin FICA na fansho da lafiyar tsofaffi, kashi 7.65 cikin 100, bai kamata a cire wa mai F-1 a shekarunsa biyar na farko ba. Duba takardar albashinka ta farko, in an cire ka kai wa ofishin albashi su gyara. Yawancin jami'o'i duk mako biyu suke biya, kuma biyan farko yakan makara, wani lokaci har wata guda daga ranar farawa, saboda haka a zo da guzurin da zai kai mutum ƙarshen Satumba.

Sai 'yan damfara, waɗanda suka san sabon ɗalibi a matse yake. Jami'a tana tantance kamfanonin da ke tallata aiki ga ɗalibanta a Handshake, wannan ya rage haɗari ƙwarai, ko da yake bai kawar da shi ɗungurungum ba. Mafi yawan tarkon ta imel yake zuwa, da sunan wani farfesa na gaske, ana neman mataimaki daga gida da albashin ɗaruruwan daloli a mako, ba intabiyu, ana cewa ka amsa ta imel ɗinka na kanka ko ta saƙon waya. Sai a turo maka cek, a ce ka zuba a asusunka, ka sayi katunan kyauta ko ka tura wani kaso ga wani. Banki zai nuna kuɗin sun shiga kafin ya gama tantance cek ɗin. Bayan kwanaki sai ya gano na bogi ne, ya janye kuɗin, abin da ka tura kuma ya zama bashi a wuyanka. Duba adireshin da saƙon ya fito harafi da harafi, ka kira sashen ta lambar da ke shafin jami'a, ba wadda ke cikin saƙon ba. Aikin jami'a na gaske ta ofishin albashi yake biya, bayan I-9, kuma ba ya neman ka fitar da ko dala ɗaya.

A ƙarshen Janairu za a ba ka takardar W-2 mai nuna abin da ka samu da abin da aka cire a shekarar da ta wuce. Da ita ake cika fom ɗin haraji na 1040-NR kafin 15 ga Afrilu, tare da fom 8843, wanda ake cikawa ko da ba a yi aiki ba. In za ka sauya gida, gyara adireshinka a ofishin albashi tun kafin Disamba ya ƙare. Izinin aikin cikin makaranta kuma yana ƙarewa ne ranar da ka kammala karatu, ko ranar ƙarshe da ke jikin I-20 in ita ta riga zuwa, ba ranar bikin yaye ɗalibai ba. Tun farkon zangonka na ƙarshe ka tambayi DSO ainihin ranar, ka rubuta wa shugaban sashenka ita, don kada ya sa sunanka a jadawalin makon da ke bayanta.